Ranar da Na Ɗora Sarki a Reshen da Ba Nasa Ba

Jiya da la'asar uku daga cikinku, samarin layin nan, suka tsaya a ƙofar shagona a nan Sharafiyya suna kallon bishiyar zuriyar da nake zanawa. Ɗaya ya ce wa 'yan'uwansa da Larabci, yana zaton kunnena ya tsufa, wai wannan aikin minti goma ne a waya. Ban tanka ba, domin bakin alƙalamina yana kan takarda, kuma in ka yi magana kana jan layi, layin zai nuna. Yau na wanke hannu, ga shayi, ku gyara zama.

Sunana Hamza, amma duk titin nan Usta ake ce mini, wato gwanin sana'a. A Jidda aka haife ni. Kakana ya taho aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina, bai koma ba. Sana'ata khaɗɗi, wato rubutun hannu na ado, kuma abin da aka fi sanina da shi shi ne shajara: bishiyar da ake zana wa gida, kakan kakanni a gindi, 'ya'ya rassa, jikoki ganyaye, kowane ganye da suna a cikinsa.

Aikin farko da maigidana Ammu Bakur ya ba ni shi ne ɗigo. Na je masa a Aziziyya na haura shekara ashirin, na gaji da sauke buhunan shinkafa a bakin teku, ina jin rubutuna ya fi na kowa a unguwarmu. Ya dubi abin da na rubuto, ya mayar mini, ya ce in cika masa shafi da ɗigo. Wata shida ina ɗigo. Ba wulaƙanci ba ne. Da ɗigo ake auna kowane harafi, tsayinsa da faɗinsa da zurfin cikinsa, wanda ɗigonsa bai daidaita ba kuwa komai nasa zai fito a karkace. Bayan ɗigo sai fiƙe alƙalami. Karan gora ne siriri, ka fere shi da wuƙar da ba ta taɓa yanka komai ba sai shi, ka tsaga bakin, ka ɗora a kan ɗan ƙashi mai faɗi, ka datse da sara ɗaya. Ammu Bakur ba ya duba bakin. Daga ƙarar saran yake sanin ko ya yi, yana can ƙuryar shago zai ce, “Sake.”

Tawada mu ke haɗa abarmu. Kunkunniyar fitila da ƙaro, a yi ta daka a turmi kwana da kwanaki har ta yi sulɓi. A cikin kurtun tawada ana cusa zaren siliki don kada alƙalami ya ɗebo fiye da ƙima. Takarda kuwa ita ce babbar wahala. Ba a rubutu a kanta yadda ta zo daga kanti. Sai ka kaɗa farin ƙwai da alif ɗin nan na tace ruwa, ka shafe ta, ta bushe, ka goge ta da dutse mai santsi har ta yi ƙyalli, sannan ka ajiye ta shekara guda ta kwanta. Takardar da ta sha wannan gyara tawada ba ta shiga jikinta, a samanta take zama. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani.

Akwai wani attajiri mai sayar da katako da ya taɓa kawo mini sunayen gidansu, zuriya bakwai, a cikin jakar leda. Na yi wata biyu a kai. Ranar da ya zo karɓa ya sa yatsa a kan wani reshe ya ce in cire shi, wai ƙanensa ne, sun ɓata. Na ce, “Ya shekh, ubanku ɗaya?” Ya ce ɗaya. Na ce to reshen yana nan. Ya yi fushi ya fita, ya bar mini bishiyar jingine da bango wata huɗu. Wata safiya ya dawo tare da ƙanen, su biyu suka ɗauke ta, ɗaya a kai ɗaya a gindi, don ba ta ɗaukuwa da mutum ɗaya. Wannan shi ne abin da waya ba za ta yi muku ba: mai shajara sai ya san wa ya haifi wa, kuma sai ya tsaya a kai. Na yi shekara talatin ina taƙama da haka kafin ranar da na faɗi a kansa.

Mummunar shekararmu ita ce wadda injin yanka sitika ya shigo gari. Kafin nan duk allon shago da kuke gani a titin nan hannu ne ya rubuta shi, kuma da allunan muke ci, shajara ta marmari ce. Cikin 'yan watanni aikin ya ɗauke ɗif. Mu biyar ne masu khaɗɗi a wannan layin. Ɗaya ya koma tuƙin mota, ɗaya ya buɗe wurin sayar da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, biyu kafilansu, masu tsaya musu a wurin hukuma, suka ƙi sabunta musu iƙama, takardar izinin zama, suka koma ƙasashensu. Ni na koma rubuta lamba da sunan mai mota a jikin tankokin ruwa, da fenti da buroshi, a tsakiyar rana, ƙarfe yana ƙona gefen hannu. Amma ko a waccan shekarar ban fasa abu ɗaya ba: na gyara babbar takarda guda, tsawon mutum da rabi, na ajiye. Haka nake yi kowace shekara, ko da mai saye ko babu.

To, ga aikin da na tara ku dominsa. Wata ranar Asabar bayan azahar mota ta tsaya, wani mutum mai furfura a gemu ya shigo da matarsa. Daga sallamarsu na san 'yan gida ne, Hausarsu ba ta sha ruwan Jidda ba. Shi Injiniya Sani, yana aiki a wurin tace ruwan teku, suna zaune a unguwar Safa. Ita Dakta Rakiya, 'yar Zariya, tana koyar da tarihin addinai a wata kwalejin mata. Ita ce mai aikin.

Ta ce, “Usta, bishiya nake so, amma ba ta gidanmu ba. Ta Bani Isra'ila, daga Annabi Ibrahim, alaihis salam, zuwa sarakunansu, yadda su suka rubuta a littattafansu.”

Na ajiye alƙalami. Na ce, “Dakta, wannan magana ce ta littattafan Yahudu da Nasara. Ni mai shago ne, da izinin hukuma nake zaune. Sai na ga takarda.”

Ta buɗe jaka ta miƙo wa mijinta, ya miƙo mini. Wasiƙar kwaleji ce da hatimi. Injiniya ya yi dariya ya ce, “Na gaya mata za ka tambaya.”

Sannan ta faɗi abin da ke ciki. Nan da wata guda za ta gabatar da lacca a gaban manyan malamansu, kuma a kan wannan laccar za a yanke ko a sabunta mata kwantiragi ko a sallame ta. Ta ce ta gwada zanen na'ura sau uku, duk sai ya fito kamar jadawalin ma'aikata. Abin da take so a gani ba haihuwa kaɗai ba ce. Tana so a ga yadda alkawari ya bi ta cikin zuriya har ya zama sarauta.

Na zuba musu shayi na ce ta fara daga gindi.

Ta ce, “A littattafansu, tun Annabi Ibrahim yana baƙo a ƙasar da ba shi da ko taku ɗaya a cikinta, aka yi masa alkawarin zuriya da ƙasa, aka kuma ce sarakuna za su fito daga tsatsonsa. Aka maimaita wa jikansa Annabi Yakubu. Ba a gindaya sharaɗi ba. Sai aka yi ƙarni bayan ƙarni babu sarki ko ɗaya.”

“Alkawarin yana nan dai?”

“Yana nan, yana jira. Sai zamanin Annabi Musa aka ƙulla wani alkawarin da jama'a gaba ɗaya, shi kuma wannan da sharaɗi. In kun bi, ku zauna lafiya a ƙasar. In kun saɓa, a fitar da ku. Har dokar sarki an ajiye tun kafin a yi sarkin: kada ya tara dawakai, kada ya tara mata, kada ya tara zinariya, kuma ya zauna ya rubuta wa kansa shari'ar ya riƙa karantawa.”

Na ce, “Wato sai ya zama ɗan sana'armu kafin ya hau gado.”

Injiniya ya kusa ƙwarewa da shayi. Ita kuwa ta ci gaba, hannunta yana tafiya a iska kamar tana gaban aji. Ta ce daga baya jama'a suka matsa wa annabinsu sai ya naɗa musu sarki kamar sauran al'ummai, ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashi 'ya'yansu da gonakinsu, suka ce sun ji sun gani. Aka naɗa Ɗalutu, wanda su ke kira Shawulu. Bayansa Annabi Dawuda. Ta ce a nan ne maganar take. Da Dawuda ya zauna daram, sai ya yi niyyar gina wa Ubangiji gida. Aka aiko masa cewa ba shi zai gina gida ba, shi za a gina wa gida, wato zuriyar da sarauta za ta zauna a cikinta. In ɗansa ya yi laifi za a hore shi, amma ba za a janye alkawarin ba.

Ni dai a lokacin yatsuna sun fara ƙaiƙayi. Shekara talatin ina zana wa ya haifi wa, ba a taɓa kawo mini abin da zan zana sharaɗi ba. Na jawo ɓawon takarda na ja layi biyu. Na ce, “Dakta, zare biyu za su hau bishiyar nan. Na zinariya, sumul, daga Ibrahim. Shi ne wanda ba sharaɗi. Na biyu ja, daga Musa, kuma kowane ɗan taƙi zan yi masa ƙulli. Duk ƙulli ɗaya yana nufin ‘in kun bi’.”

Ta kalli zanen ta daɗe. Ta ce wa mijinta, “Ka ga abin da na yi wata uku ina nema.”

Injiniya ya duba agogo ya ce yalla, su tafi, ba su haɗa kaya ba, gobe za su tashi zuwa Kano ganin mahaifiyarta, sai bayan sati uku. Ta bar mini littafin rubutunta, ta ce jerin sarakuna yana shafin farko, bayanin wane ya fito daga wane reshe yana can ciki, in karanta. Na ce ɗayyib, na gode.

Na sauko da babbar takardar da ta shekara a ajiye. Ita kaɗai gare ni mai wannan girma, ta bana ba ta nuna ba tukuna. Na shimfiɗa ta a teburi biyu da na haɗa. Sati na farko gindi da rassa goma sha biyu na 'ya'yan Yakubu, kowanne da launin ƙasa mai duhu. Reshen Yahuza na yi shi kakkaura, don Dakta ta riga ta faɗa mini sunan Dawuda a kansa zai zauna. Reshen Biliyaminu, auta, na yi shi ɗan siriri a can gefen dama, yadda nake yi wa kowane auta. Sati na biyu ganyaye da sunaye. Sati na uku zinariya. Ita ba a gaggawa da ita: ka shafa ƙaro, ka jira ya yi danƙo, ka hura masa numfashi, ka ɗora ganyen zinariyar da ya fi fatar albasa rashin kauri, fanka a kashe, ƙofa a rufe, kana zufa ba ka isa ka share ba.

Na buɗe shafin farko na ga jerin: Ɗalutu, Dawuda, Sulaimanu. Ban buɗe na ciki ba. A duk shajarar da na taɓa yi, mulki a gida ɗaya yake tafiya, daga uba zuwa ɗa, in ya yi nisa daga baffa zuwa ɗan ɗan'uwa. Sai na zana wa Ɗalutu babban ganye mai faɗin tafin hannu a reshen Yahuza, dab da ƙasan Dawuda, na lulluɓe shi da zinariya, na rubuta sunan da baƙi a tsakiya. Wallahi ganyen ya yi kyau. Har maƙwabcina mai gyaran agogo na kira ya gani.

Suka dawo ranar Talata, saura kwana biyar lacca. Na yaye ƙyallen da na rufe bishiyar da shi. Injiniya ya ce masha Allah, ya fito da waya zai ɗauka. Dakta ta fara daga gindi tana hawa da ido, tana gyaɗa kai, tana ƙirga ƙulle-ƙullen jan zaren. Da ta kai reshen Yahuza sai ta tsaya. Ta ciro tabarau ta sa.

Ta ce, “Usta, wa ya haifi Ɗalutu a nan?”

Na nuna mata reshen.

Ta ce a hankali, “Ba ɗan Yahuza ba ne. Daga Biliyaminu yake. Ba su haɗa komai da Dawuda ba sai a Yakubu. Laccar tawa gaba ɗaya a kan wannan take: sarkin farko bai fito daga gidan da ake sa ran sarauta ba. In na shiga da wannan, tambayar farko za ta gama da ni.”

Ta jawo littafinta ta buɗe shafin da ban karanta ba, ga shi nan da jan biro, har da layi biyu a ƙarƙashi. Ban nemi wata hanya ba, na ce, “Laifina ne, ban karanta ba.” Amma ina cikin faɗin haka wani abu ya faɗo mini. Tun muna yara a masallacin unguwa muka karanta yadda manyan Bani Isra'ila suka yi gardama da aka ce Ɗalutu ne sarkinsu, suna cewa su suka fi cancanta. Na sha jin wannan, ban taɓa tsayawa na tambayi da me suka fi shi ba. Na ce, “Dakta, ashe shi ya sa suka ƙi shi. Ba ɗan gidan ba ne.”

Ta ce, “Shi ne. Malaman tafsirinmu ma sun faɗi haka. A wurinmu zaɓaɓɓe ne da aka fifita da ilimi da ƙarfi. A littattafansu sun ce daga baya ya saɓa umarni, sarauta ta bar gidansa.” Ta cire tabarau. “Amma wannan ba zai gyara takardar ba. Akwai wata?”

“Babu.”

Injiniya ya ce, “To khalas, a koma na'ura.”

Na ce, “Ku ba ni kwana uku. In ban kira ba, ku koma.”

Washegari da sassafe na fara. Tawadar ba ta ba ni wahala ba. Auduga da ɗan ruwa, na dangwala, na ɗaga, sunan ya taso kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Amfanin farin ƙwan ke nan. Zinariya ce ba ta da mutunci. Ita sai kankara, da gefen wuƙar fiƙe, kwance, kana ɗebe ta kamar ƙurar gari, in ka danna ɗan kaɗan ka huda takarda, aikin sati uku ya tafi. Daga hantsi har la'asar ina kan wuri mai faɗin tafin hannu. Na sake shafa farin ƙwai a gurbin, na bar shi ya kwana. Danshin Jidda kuwa kun san shi, abin da zai bushe a awa biyu sai ya ci yini. Da ya bushe na goge da dutse, na ɗaga takardar ga hasken ƙofa. Tabo yana nan. Ba mai yawa ba, amma duk mai ido zai ga inuwar ganye a reshen Yahuza.

Na kira Injiniya na ce ya ba ni Dakta. Na ce, “Akwai wani abu a littattafansu da ya dace ya zauna a reshen Yahuza, ƙasa da Dawuda, mai tsawon tafin hannu? Ba mutum ba, ba dabba ba.”

Sai na ji ta tana dariya. Ta ce, “Sanda, Usta. Sun rubuta cewa da Annabi Yakubu zai rasu ya tara 'ya'yansa, ya ce wa Yahuza sandar mulki ba za ta bar gidansa ba. Ita ce hujjar masu gardamar. Na so in sa ta tun farko, na rasa inda za ta shiga.”

Ban tsaya sallama mai tsawo ba. Na zana sandar a tsaye a kan tabon, baƙa, da kan zinariya, na kewaye ta da ƙananan ganyaye masu duhu har inuwar ta ɓace. Sai na ɗauko zaren zinariyar da ya taso daga Ibrahim na naɗe shi sau uku a jikin sandar kafin ya haura zuwa Dawuda. Da na ja baya na duba, sai ka ce da ita aka fara bishiyar.

Saura Ɗalutu. Reshen Biliyaminu siriri ne, kuma yana gefe. Na ɗora masa babban ganyen zinariya a can ƙarshe, sai ya zama kamar an rataya tulu a tsinke. Da suka zo ranar Juma'a bayan masallaci na ce zan ƙara wa reshen kauri. Dakta ta ɗaga hannu ta ce, “Kada ka taɓa shi. Shi da kansa, a littattafansu, cewa ya yi kabilarsa ce mafi ƙanƙanta, gidansu kuma mafi ƙanƙanta a cikinta. Bar shi ya yi nauyi.” Wani sili na jan zare mai ƙulli ya ratse ya kai ga ganyensa ya tsaya. Na zinariya bai bi ta wajen ba sam. Ko wanda bai iya karatu ba zai gane labarin daga bakin ƙofa.

Saman bishiyar dama ban gama shi ba. Daga Dawuda na haura da Sulaimanu, sannan inda masarautar ta rabu biyu, kabilu goma suka ɓalle, gidan Dawuda ya rage da ɗan yanki. Na bi sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya har zuwa na ƙarshe da aka kwashe zuwa Babila. A nan jan zaren ya tsinke, na zana bakinsa a warware. Na zinariyar kuwa littafinta bai ce komai a kan ƙarshensa ba, wannan karon na karanta kowane shafi sau biyu. Sai na ci gaba da jansa shi kaɗai, siriri, ba ganye ba suna, har bakin takardar na sama.

Ranar Lahadi da safe muka naɗe ta a cikin bututun roba muka kai. Kwalejin mata ce, namiji ba ya wuce ƙofa. Mata biyu masu aiki suka fito suka karɓa. Ni da Injiniya muka zauna a mota a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, Dakta ta kira wayarsa ta ajiye tata a kan teburin lacca a buɗe. Muna jin komai: jan kujeru, tari, sannan ƙarar takarda ana warware ta, sannan wani irin guna-guni da ya tashi a ɗakin gaba ɗaya. Injiniya ya daki sitiyari da tafin hannu.

Ta yi kusan awa guda tana magana da Larabci mai tsabta, tana cewa ku bi zinariyar, ku ƙirga ƙullin, ku dubi inda sandar take ku dubi inda sarkin farko yake. Aka zo tambayoyi. Biyu na farko ta amsa su a tsaye. Sai wata murya ta tsohuwa, mai kaushi, wadda Injiniya ya raɗa mini cewa ita ce shugabar masu yanke hukuncin.

Ta ce, “Masarautar ta faɗi. Jan zaren ya tsinke, na gani, daidai ne. To me ya sa na zinariya bai tsaya ba? Ina ya nufa?”

Dakta ta ce Yahudu suna da amsarsu, suna jiran wani daga gidan. Nasara suna da tasu, sun ce ya riga ya zo. Mu ma muna da abin da muka yi imani da shi a kan Annabi Isa, alaihis salam. Ta ce wannan kuma lacca ce ta wata rana.

Tsohuwar ta ce, “Ban tambaye ki abin da suka ce ba. Wa ya yanke shawarar a ja shi har sama?”

Dakta ta ce, “Wanda ya zana. Yana waje a mota, yana jinmu.”

Aka yi dariya. Tsohuwar ta ce a kusanto mata da wayar. Injiniya ya tura mini tasa a gaban baki, yana zaro mini ido. Ni da ban taɓa magana a gaban aji ba tun da na bar firamare, ga ɗaki cike da daktoci suna jira.

Na yi sallama. Na ce, “Ya Dakta, ni ba malami ba ne, marubuci ne. Jan zaren an gaya mini inda ya tsinke, na tsinke shi. Na zinariyar na duba takardun da aka ba ni kaf, ban ga inda aka ce an janye shi ba. Ni kuma a sana'ata ba na yanke abin da ba a nuna mini inda ya yanke ba. Na ja shi har takarda ta ƙare mini.”

Sai tsohuwar ta ce, ba da ni take ba, da ɗakin take, “Ku rubuta wannan. Haka ake karanta nassin da ba naka ba.”

Bayan azahar Dakta ta fito daga ƙofar, hannunta babu bututun. Ta shiga bayan mota ta zauna, ta ce an sabunta, shekara uku. Injiniya ya tambaye ta ina bishiyar. Ta ce shugabar ta sa an kira masu gilashi tun kafin a watse, za a kafa ta a bangon babban ɗakin karatu.

Tana can har yau. Shekara shida ke nan, ɗalibai mata suna wucewa ta gabanta safe da yamma, ni kuwa da na yi ta ban taɓa ganinta a rataye ba.